Waya A Makaranta: A Hana Ta Ko A Nema Mata Wurin Ajiya?

A shekarar 2018 Faransa ta kafa dokar hana ɗalibai amfani da wayar salula a makarantun firamare da ƙananan sakandare. China ta biyo baya a 2021, inda sai da rubutaccen izinin iyaye yaro zai kai waya makaranta. Holand kuma ta fitar da waya daga azuzuwan sakandare tun daga Janairun 2024. A Najeriya kowa ya san hukuncin wanda aka kama da waya a ɗakin jarrabawar JAMB ko WAEC, amma a aji na yau da kullum, yawanci kowace makaranta da tata dokar.

Masu goyon bayan haramcin suna da hujja. A 2015 wasu masana tattalin arziki biyu, Louis-Philippe Beland da Richard Murphy, sun duba sakamakon jarrabawar ɗalibai 'yan shekara 16 a birane huɗu na Ingila. Sun gano cewa maki ya ƙaru bayan makarantu sun hana waya. Abin lura shi ne, waɗanda suka fi amfana su ne ɗaliban da dama can karatu ke yi musu wuya. Zaƙaƙuran aji kusan ba abin da ya canza musu.

Duk wanda ya san yadda ake gina manhaja ba zai yi mamaki ba. TikTok, Facebook da Instagram da talla suke samun kuɗi, talla kuwa sai mutum ya daɗe yana kallo. Shi ya sa bidiyo ke bin bidiyo ba tare da an nema ba, shi ya sa ɗigon sanarwa yake ja. Injiniyoyi ne ke gwada waɗannan dabaru a kan miliyoyin mutane, su riƙe wadda ta fi dawo da ido kan allo. Da su malamin lissafi yake gasa, da alli a hannunsa.

Ko wayar ba ta yi ƙara ba tana cin wani abu. Wani gwaji da Adrian Ward na Jami'ar Texas da abokan aikinsa suka wallafa a 2017 ya nuna cewa waɗanda suka bar wayarsu a wani ɗaki sun fi waɗanda tasu ke kan tebur ƙoƙari a aikin da ke buƙatar natsuwa.

Sai dai cewa a bar waya a gida gaba ɗaya bai dace da kowane wuri ba. A makarantar da babu ɗakin kwamfuta, wayar nan ita ce ƙamus, ita ce ma'ajiyar tambayoyin jarrabawar baya, kuma da kwamfuta JAMB ke yin jarrabawarta. Ga iyayen da ke son jin muryar 'yarsu idan an tashi ba ta iso gida ba.

Don haka abin tambaya shi ne inda wayar take lokacin darasi. Wasu makarantu a Amurka suna amfani da jakar Yondr, wadda ke kulle waya sai an taɓa ta da maganaɗisu na musamman. Akwatin katako mai lambobi a gaban aji zai yi wannan aikin a kuɗi kaɗan: waya ta shiga da safe, ta fito idan malami ya buƙace ta ko an tashi. Aljihu dai ba ma'ajiya ba ne.

Ɗalibin da makarantarsa ba ta da irin wannan tsari zai iya yi wa kansa. A mafi yawan wayoyin Android zai shiga Settings, ya buɗe Digital Wellbeing, ya zaɓi Focus mode, ya sa alama a kan manhajojin da ke ɗauke masa hankali, sannan ya saita lokaci daga ƙarfe 8 na safe zuwa 2 na rana. Manhajojin za su dushe, sanarwarsu ta yi shiru, kiran waya kuwa yana shigowa. Mai iPhone zai sami makamancin haka a Screen Time, ƙarƙashin Downtime.