Hadari da Ƙanƙara: Ka Duba, Ka Auna, Ka Rubuta

Wata rana a ajinmu na yaƙi da jahilci gardama ta tashi tsakanin dattawa biyu. Ɗaya ya ce shekara huɗu ke nan da ƙanƙara ta kashe masa irin tattasai a bakin Komadugu. Ɗayan ya ce a'a, shekara shida ce, kuma ba farkon damana ba ne, cikin marka ne. Kowa ya tsaya a kan bakansa. Sai na tambaye su: "To, wa ya rubuta ranar?" Suka yi tsit. Lokacin da abin ya faru babu wanda ya iya riƙon alƙalami a cikinsu.

Kai mai karatu, yau ka iya. Ko namiji ne kai ko mace, karatun nan zai nuna maka yadda za ka zama mai lura da sama a garinku. Ba sai da na'ura mai tsada ba. Ido, da gwangwani, da littahi, sun isa.

Daga ina hadari ke zuwa?

Idan bazara ta yi, iska mai laima tana busowa daga kudu maso yamma, daga teku. Rana tana dukan ƙasa, ƙasa ta yi zahi. Iskar nan mai laima sai ta tashi sama, ta zama gajimare. Amma babban hadari a ƙasarmu daga gabas yake tasowa, ya nuhi yamma. Shi ya sa mutumin Difa in yana neman ruwa sai ya dubi wajen Tabkin Cadi.

Ka lura da yadda abin ke biyo juna. Da farko iska ta ɗauke, zuhwa ta dami kowa. Sannan gabas ta yi baƙi ƙirin. Sai ka hango ƙura ja ta taso kamar bango. Iska mai sanyi ta bugo da ƙarhi, ta yaye zana, ta kwashe shanya. Bayan haka ruwa ya sauko. Wani lokaci kuwa iskar ce kawai, ruwan ko ƙura bai kashe ba.

Walƙiya tana iya gaya maka nisan hadari. Idan ka ga walƙiya, fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa. Kowace daƙiƙa 3 daidai take da kilomita 1. In ka ƙirga 15, hadari yana kilomita 5 daga gare ka. In ka sake ƙirgawa ka samu 9, to ya matso. Bar gona, hita daga ruwa, kada ka laɓe gindin icce wanda ke tsaye shi kaɗai.

Yaya ƙanƙara ke samuwa?

Ga abin mamaki: ƙanƙara ba ta zubo mana lokacin ɗari. Lokacin zahi take zuwa, tare da hadari. Dalili shi ne, can sama akwai sanyi kullum. Duk mita 1000 da aka hau, zahi yana raguwa da wajen digiri 6. Kan babban hadari kuwa yakan wuce kilomita 10 a sama. A can ruwa daskarewa yake yi.

Cikin hadari akwai iska mai ƙarhi da ke hawa sama. Ita ke ɗaukar ɗigon ruwa ta kai shi wurin sanyi, ya daskare. Wasu ɗigo su manne masa, su ma su daskare. Haka yake ta girma, har nauyinsa ya hi ƙarhin iskar, sai ya faɗo. In ka samu babbar ƙanƙara, ka tsaga ta da wuƙa. Za ka ga ɓawo a kan ɓawo, kamar albasa. Yawancin ƙanƙara tana narkewa tun a hanya, ta iso mana a matsayin manyan ɗigon ruwa masu sanyi. Wadda ta yi girma ce kawai ke kawowa ƙasa.

Ƙanƙara dabam, dusar ƙanƙara dabam. Ƙanƙara tauri gare ta, tana faɗowa kamar tsakuwa. Dusar ƙanƙara kuwa taushi gare ta, tana sauka a hankali kamar audugar rimi. Ba ta isowa ƙasa sai iska ta yi sanyi ƙwarai tun daga sama har ƙasa. A Turai, lokacin sanyinsu, guguwa guda takan kawo su duka biyu. Ko a bakin Sahara an gan ta: a garin Ain Sefra na ƙasar Aljeriya, wanda ke kan tudu, dusar ƙanƙara ta ruhe rairayi a 1979, da 2016, da 2018. A Difa ba ta zuba. Lokacin ɗarinmu iska busassa ce, babu laimar da za ta yi gajimare.

Me ya sa ake bukatar idonka?

Ma'aikatar meteyo ta ƙasa tana da tashoshi a Difa, da Maine Sorowa, da Gigimi. A Yamai kuma akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 don bin sawun damana a ƙasashen Sahel. Amma tsakanin tasha da tasha akwai nisa. Hadari yakan jiƙa Shetimari ya bar Geskeru a bushe. Ƙanƙara ma ta hi haka: tana iya ɓarnata gona guda, ta bar ta maƙwabci ko ganye bai tsage ba. Abin da ya sauka a gonarka, kai ne shaidarsa.

Ko ƙasashen da ke da na'urori barjat suna dogara ga talakawa. A Ingila, tun 1860 wani mutum mai suna Symons ya fara tattara awon ruwa daga hannun masu sa kai. A Amurka, bayan ambaliyar da ta auku a jihar Kolorado a 1997, an kafa ƙungiyar masu sa kai a 1998. Manoma, da tsohwahhi, da ƴan lakwal suna auna ruwa da ƙanƙara da dusar ƙanƙara a gidajensu, suna aika sakamakon kowace sahiya.

Yadda za ka auna

Nemi gwangwani miƙaƙƙe, wanda faɗin bakinsa daidai yake da na gindinsa. Kafa icce a hili, nesa da bango da inuwa. Ɗaure gwangwanin a kansa, ya zauna daidai, yadda iska ba za ta kada shi ba, awaki kuma ba za su kai gare shi ba. Bayan ruwa, da sahe, tsoma tsinke har gindi. Auna wurin da ya jiƙe da ma'aunin ƴan lakwal. Santimeta 1 shi ne milimeta 10. Rubuta, sannan ka zubar da ruwan.

Kada ka raina milimeta. Milimeta 1 daidai yake da lita 1 a kan hili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi. Ruwan milimeta 20 a gona mai hekta 1 lita 200.000 ne, wato tano 1000 masu cin lita 200. Malaman gona sukan ce ruwan shuka ya kai wajen milimeta 20. Difa kuwa ruwanta na shekara bai cika wuce milimeta 300 da yawa ba. Wanda ya ruɗu da ƙarar hadari ya shuka a kan milimeta 5, yana iya rasa irinsa, ya koma neman rance.

In ƙanƙara ta zubo, fara kare kanka, da yara, da bisashe. Bayan ta ɗauke ka ɗauki mahi girma ka kwatanta: kamar ƙwayar dawa take, ko wake, ko magarya, ko goro? Ga misalin yadda za ka rubuta:

Talata, 14 ga Yuli. Hadari daga gabas, ƙarhe 5 na marece. Iska da ƙura. Ƙanƙara kamar wake, minti 4. Ruwa milimeta 22. Ganyen tattasai ya yage.

Bayan damana ma kada ka ajiye littahin. Ruwan Komadugu daga nesa yake zuwa, daga kogin Haɗeja da na Jama'are a Najeriya. Shi ya sa kogi ke cika bayan ruwan sama ya ɗauke. Ambaliyar 2019 ta ci gonaki da gidaje a Difa cikin watan Oktoba. Rubuta ranar da ruwa ya iso garinku, da inda ya tsaya. Lokacin hunturu kuma, sa'ad da hazo ke zuwa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, rubuta ranakun da ba a iya hango iccen bakin gari.

Shekara guda ba ta isa a gane komi ba. Amma in ka cika shekara biyar, littahin zai fara ba ka shawara. Za ka san watan da ya kamata ka tanadi zana kusa da irin tattasai. Za ka san kwarin da bai kamata ka yi dashe a ciki ba. In ɓarna ta auku kuma, ka je gun malamin gona da rana da awo a hannu, ba da "wai" ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Dattawan nan biyu har yau ba su shirya a kan shekarar ba. Amma kowanensu yanzu yana da gwangwani a bayan gida.

Tambayoyi

1. Daga wane gehe babban hadari ke tasowa a Difa?
2. Ka ƙirga daƙiƙa 12 tsakanin walƙiya da tsawa. Kilomita nawa ke tsakaninka da hadari?
3. Mene ne bambancin ƙanƙara da dusar ƙanƙara?
4. Tsinke ya jiƙe santimeta 2. Milimeta nawa ke nan?
5. Dubi sama yau, ka rubuta layi uku a kan abin da ka gani.