Darasi na Tara: Hutu a Argungu

A ce an ba da hutun makaranta, iyayenku sun ce kowa ya shirya kayansa za a yi tafiya. Daga Gwagwalada, ina za ku so a nufa? Da yawa daga cikinku za su ce Dutsen Zuma, domin yana kusa. Yau dai bari mu yi nisa, mu je Argungu a Jihar Kebbi, gari ne na bakin ruwa mai tsohuwar fada.

Tafiyar wuni guda ce, saboda haka sai an yi sammako. Za ku bi ta Suleja da Minna da Kwantagora. Idan kun isa Yawuri, ku roƙi Baba ya ratse zuwa bakin ruwa. Ruwan da za ku gani shimfiɗe a gabanku na tafkin Kainji ne, wanda ya samu bayan an datse kogin Kwara a shekarar 1968. Daga nan sai Jega, sai Birnin Kebbi, sai Argungu.

Abin da zai fara ɗaukar hankalinku shi ne fadamar shinkafa da kogin Matan Fada. A wannan kogi ake yin bikin kamun kifi da ya sa sunan garin ya zaga duniya. An soma bikin a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, bayan doguwar gabar da aka yi tsakanin Sakkwato da Kabi. Ranar biki dubban masunta ke faɗawa ruwa lokaci guda. Kowanne yana riƙe da homa, wato ragar kamun kifi, da ƙaton gora. A kan goran yake kwanciya ya yi iyo, a cikinsa kuma yake zuba abin da ya kama. Wanda ya fito da giwan ruwa mafi nauyi shi ne gwani. Idan ba lokacin biki kuka je ba, kada ku ji haushi. A ganina ma kogin ya fi kyau da sanyin safiya, sa'ad da babu hayaniya sai kukan tsuntsaye.

Bayan kogi sai tsohuwar fada, wadda yanzu ake kira Gidan Tarihi na Kanta. An sa mata sunan Muhammadu Kanta, jarumin da ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, ya zauna a Surame. Sarakunan Argungu sun zauna a wannan gida har zuwa 1942, sannan suka koma sabuwar fada. A 1958 aka mayar da shi gidan tarihi. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango. Ko rana ta take, da kun shiga zaure za ku ji sanyi. A ciki akwai masu da takubba da kwari da baka da bindigogin gargajiya da layu da tambura. Ku tsaya ku dubi waɗannan kaya da kyau, domin da su Kabawa suka kare garinsu shekara da shekaru.

A nan ne Hausar da kuka koya a aji za ta yi muku rana. Kada ku shiga sai kun yi sallama. Ku gaida mai kula da wurin, ku ce, "Ina wuni, Baba?" Idan mai sarauta ne, ku rusuna ku ce, "Ranka ya daɗe." Akwai kaburburan sarakuna a gidan, don haka ba wurin guje-guje ba ne. Kafin ku ɗaga waya, ku tambaya: "Don Allah, ko an yarda a ɗauki hoto?" Idan an ce a'a, ku mayar da ita aljihu.

Wani abu kuma zai iya ruɗa ku. Hausar Kabi ta ɗan bambanta da ta littafinku. Za ku ji an ce "mi" maimakon "me", ko "hwara" maimakon "fara". Ba kuskure ba ne, karin harshen yamma ne. In magana ta shige muku duhu, kada kunya ta hana ku cewa, "Ban gane ba, a sake faɗa mini."

Aiki

1. Me ya kawo Sarkin Musulmi cikin tarihin bikin kamun kifi?
2. Yaya masunci yake amfani da gora?
3. Ku rubuta gajeriyar hira tsakaninku da mai kula da gidan tarihi, tun daga sallama har zuwa ban kwana.