Tambaya da Amsa: Ina Karanta Turanci, Amma Ba Na Jin Sa a Bakin Mutane

TAMBAYA

Ni matashi ne daga ƙaramar hukumar Sandamu, ina aikin kula da sito a wani kamfanin gine-gine a cikin garin Daura. Na ci Turanci da kiredit a WAEC, na kuma yi difloma. In aka miƙo mini takarda zan karanta in gane, in rubuta amsa ba gargada. Amma da zarar injiniya ya buɗe baki sai in rasa inda maganar ta dosa. A wurin aikinmu akwai 'yan Kudu, akwai baƙi 'yan ƙasashen waje, kowa da irin nasa Turancin. A taron safe sai dai in yi ta gyaɗa kai ina "yes sir", in an watse in bi wani in tambaye shi me aka ce. Kwanaki aka ce in fitar da siminti buhu 15, na fitar da 50, aka yi mini faɗa a gaban leburori. Waya kuwa da ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Malam, ƙwaƙwalwata ce ba ta ja, ko in nemi makarantar koyon Turanci in shiga?

Daga wani mai karatu, Daura.

AMSA

Ƙanena, kwantar da hankalinka, ƙwaƙwalwarka ƙalau take. Abin da ya faru shi ne idonka aka koya wa Turanci shekara da shekaru, kunnenka kuwa ba wanda ya kula da shi.

Dubi jarrabawar da ka ci ɗin. A takardar Turanci ta WAEC akwai ɓangaren furuci mai tambaya 60. A Najeriya da fensir ake amsa shi: a nuna maka kalma a rubuce, ka zaɓi wadda sautinta ya yi daidai da ita, ba a kunna maka muryar kowa ba. A Ghana da Gambiya saurare ake yi. Saboda haka yaro a Baure ko Zango zai iya cin wannan ɓangare da hadda zalla, a hannun malamin da ke rubuta Turanci a allo yana bayaninsa da Hausa. Ba laifin malamin nake gani ba, shi ma haka aka koya masa. Sai dai kiredit ɗinka shaida ce ta karatu da rubutu, ba ta ce komai a kan ji ba.

Sannan harsunan biyu ba tafiyarsu ɗaya ba. Hausa tana ba kowace gaɓa haƙƙinta. Ka ce "makaranta", gaɓa huɗu, kowace ta fito sarai. Turanci kuwa zaɓar wasu gaɓoɓi yake ya danna su da ƙarfi, ya murƙushe sauran har su kusa ɓacewa. Ba'amurke ba zai ce maka "what are you going to do" ɗaya bayan ɗaya ba, abin da zai shiga kunnenka kamar "waraya gona du" ne. Duk kalmomin nan shida ka san su, amma kana jiran su a jere sai aka jefo maka su a dunƙule. Ga kuma wasula: mu biyar gare mu, kowane da dogo da gajere, sai "ai" da "au", alhali Turancin Ingila yana da sautin wasali kusan 20. Kunnen da ya tashi da Hausa zai ji kalmomi biyu mabambanta kamar guda, har sai an horar da shi. A hirar yau da kullum kuma mutum kan furta kalma wajen 150 a minti ɗaya. In ka tsaya fassara ta farko zuwa Hausa a cikin ranka, goma sun wuce ka.

Ba ƙarancin kalmomi ke damun ka ba. Masana irin su Paul Nation na ƙasar New Zealand sun nuna cewa kalmomi 2,000 zuwa 3,000 da aka fi amfani da su su ne ke cike kusan kashi 95 cikin 100 na hirar yau da kullum. Mai difloma ya daɗe da wuce wannan adadi a takarda. Don haka kada ka ɓata lokaci kana haddace ƙamus.

Yanzu tambayar da ba ka yi ba, kuma ita ce ta fi muhimmanci: wane Turancin ne kake son ji? Daura ta yau ba ta jiya ba ce. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019. A watan Disamba na 2019 ɗin aka aza harsashin Jami'ar Sufuri, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina. A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda ya ratso Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke yin sa. Ga asibitin sojan sama, ga 'yan bautar ƙasa da ake turowa kowace shekara daga Kudu. Turancin mai karanta labarai a Landan shi ne wanda za ka fi daɗewa ba ka ji shi a Daura ba. Abin da kake ji Turancin Bayarabe ne, da na Ibo, da na Basine, da na Ba'indiye, da na Bature wanda shi ma a makaranta ya koye shi kamar kai. A duniya ma haka abin yake: cikin mutum huɗu masu Turanci, kusan uku ba da shi aka haife su ba.

Shi ya sa ban cika yarda da masu cewa "ka riƙa kallon fina-finan Amurka" ba. Ba su da illa, amma ba muryar injiniyanka ce a ciki ba. Kowane mutum yana da 'yan wuraren da harshen uwarsa ke jan Turancinsa, kuma ba su da yawa. Basine kan haɗiye baƙin ƙarshen kalma. Ba'indiye kan haɗa "v" da "w", ga sauri. Bayarabe kan zubar da "h" a inda take, wani lokaci ya sa ta a inda babu. Ka ware mako guda kana sauraren mutum ɗaya kawai, kana rubuta irin nasa a ɗan littafi, za ka ga ba su wuce biyar ko shida ba. Kuma kada ka manta namu ma yana wahalar da su. Bahaushe da ke haɗa "p" da "f" ya sha sa baƙo ya yi shiru yana lissafin me aka ce masa.

Akwai kuma Buroka, wadda na tabbata rabin abin da ke ɓace maka a bakin 'yan Kudu ita ce. Harshe ne mai zaman kansa da ƙa'idojinsa, har BBC ta buɗe masa sashe a 2017. Haɗarinta ga wanda ya yi boko shi ne tana kama da Turanci tana nufin wani abu daban. In direba ya ce "e don finish", cewa yake ya ƙare, kai kuma kunnenka zai iya jin "don't", ka ɗauka an hana ne. "I go come" zan zo ne. Ka samu ɗaya daga cikinsu ya zaunar da kai yamma biyu ko uku ya warware maka waɗannan, ka huta.

Sai babbar matsalar, wato "yes sir" ɗin nan. Na san daga inda ta fito. Mu an tarbiyyantar da mu cewa ba a sa babba ya maimaita magana, kuma in yana magana kai a sunkuye. A gaban Hakimi ko a zauren mahaifi wannan ladabi ne. A wurin aiki asara ce, har ta kan zama haɗari. Da farko, sunkuyar da kai na hana ka ganin bakin mai magana da hannunsa, alhali da su ake cike gurbin abin da kunne ya rasa. Na biyu, gyaɗa kai alƙawari ne cewa ka gane, kuma da shi za a kama ka.

A ranar 27 ga Maris 1977 jiragen sama biyu, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi a tsibirin Tenerife, mutum 583 suka mutu. Cikin dalilan da bincike ya gano har da rashin fahimtar magana tsakanin matuƙi da hasumiya, da Turanci. Ƙa'idar aikin jirgi ita ce duk umarnin da aka ba matuƙi sai ya maimaita shi da bakinsa, mai ba da umarnin ya tabbatar. Ƙwararru ne masu dubban awoyi a sama, ba wanda ke ganin wannan a matsayin gazawa. To kai ma ka ɗauki wannan ɗabi'a. An ba ka umarni, ka ce "let me repeat, sir", ka faɗi abin da ka ji. In ba ka ji ba, "please say it again slowly". In kalma ɗaya ce ta kuɓuce, ita kaɗai za ka tambaya, ba duka zancen ba. Matambayi ba ya ɓata, kuma shugaban da ya san aikinsa ya fi son a tsayar da shi na daƙiƙa goma da a ɓata masa kaya.

Batun 15 da 50 kuwa, ko 'yan asalin harshen suna rikicewa a kai, musamman a waya ko kusa da injin kwaɓa siminti. Bambancin yana inda aka danna ne, "fifteen" a ƙarshe, "fifty" a farko, haka daga 13 har 19. Maganinsa a rarraba lambar: "one-five or five-zero?" Bayan haka, kai mai sito ne. Buhu ko ɗaya kada ya fita sai da takarda da sa hannu. Wannan ba ma batun Turanci ba ne.

Horon kunnen kansa ba ya buƙatar kuɗi sai ɗan data. Yi shi yadda aka yi mana a makarantar allo, malam ya biya, ka maimaita, ba a wanke allo sai ya zauna. Ɗauki magana gajera, ta minti ɗaya ko biyu, wadda ke da rubutunta. Shirin 6 Minute English na BBC yana da shi, haka tsofaffin shirye-shiryen Turanci mai sauƙi na Muryar Amurka, da aka fara tun 1959 ana karantawa a hankali da kalmomi wajen 1,500. Saurara sau biyu ko uku ba ka duba rubutun ba. Rubuta abin da ka ji. Sannan ka buɗe rubutun ka gwada. Wuraren da ka faɗi su ne darasinka, kuma za ka tarar akasarinsu kalmomi ne da ka sani tun aji uku. Sake saurare kana bin mai maganar da bakinka. In ya yi maka sauri, YouTube na da wurin rage gudu zuwa 0.75. Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi.

Wata dabarar mai sauƙi: ji labaran duniya a BBC Hausa da safe, da dare ka ji su da Turanci a NTA ƙarfe 9 ko Channels ƙarfe 10. Tunda ka riga ka san labarin, kunnenka zai samu sukunin bin sautin. Haka taron safe. Ka duba jadawalin aikin ranar kafin ka shiga, don wanda ya san za a yi maganar rodi da yashi ya riga ya ji rabin taron. Ka zauna gaba, da biro a hannu. In kana son ɗaukar muryar taron a waya don ka sake ji a gida, sai ka nemi izini tukuna.

In kana shakkar kunne na iya koyon harshe shi kaɗai, tuna da samarin da suka tashi a gidajen kallo kafin zuwan masu fassara. Da yawansu suna jin Indiyanci har su ba ka labarin fim tiryan-tiryan, ba su taɓa ganin baƙi ɗaya na rubutunsa ba.

Waya ta fi wuya don ba fuska, ga matsalar sabis. Ajiye takarda kusa, ka ce a dakata ka rubuta, ka maimaita, ka roƙi a turo maka a rubuce ko ta saƙon murya na WhatsApp, wanda za ka iya ji sau biyar ba wanda ya sani.

Makaranta fa? Kafin ka biya ko sisi, roƙi a bar ka ka zauna aji ɗaya. In malamin ya cinye awa yana rubuta nahawu a allo ɗalibai na kwafa, riƙe kuɗinka, wannan ka riga ka yi shi. In ana kunna murya ana sa ɗalibai magana, shiga. Ni da zan zaɓar maka, da ɗan bautar ƙasa zan haɗa ka. Yana neman Hausar da zai yi ciniki a kasuwar Daura ko ta Mai'aduwa ba a tsuga masa kuɗi ba, kai kana neman kunne. Rabin awa Hausa, rabin awa Turanci, ba mai bin wani bashi. Kada dai ka sa ran ganin canji a mako biyu, abin na watanni ne.

Ga malaman Turanci na makarantun masarautar Daura da shugabanninsu kuma, roƙona ɗaya ne. Wayar da ke aljihunku da ƙaramar sifika sun isa. Ku ware minti goma a kowane darasi ku kunna wa yara muryoyin mutane daban-daban, na gida da na waje, ku tambaye su me suka ji, ko da WAEC ba za ta tambaye su ba.