Kififiya a Baho: Haske, Ɗumi da Yadda Ake Taɓa Ta

Yau darasinmu ba na kaji ba ne, ba kuma na tarwada ba, amma duk mai tafkin kifi na ƙasa wata rana zai ci karo da shi.

Bara da muka zo kwashe kifi, mun tsinci wata 'yar kififiya a cikin taɓo, ba ta kai tafin hannu ba. Ni dai na so in jefar da ita nesa, don ɓarauniyar 'ya'yan kifi ce. Yarona ya ce shi yana so. Muka saka ta a bahon roba, muka zuba ruwa, muka ajiye a lungun ɗaki. Da hunturu ya shigo sai ta daina cin abinci, idanunta suka kumbura. Ranar da na danna ƙoƙon bayanta na ji yana lotsawa kamar ɗanyen ƙwai mara ɓawo, na san laifina ne.

Kififiya ba ta samar da ɗumin jikinta da kanta yadda kaza ke yi. In wuri ya yi sanyi, jikinta ya yi sanyi, cikinta ya daina narkar da abinci. Shi ya sa a bakin kududdufi za ka gan su sun hau kan dutse ko icce sun shanya jiki da hantsi. Ba hutu suke yi ba, aiki ne.

Rana tana ba ta abu biyu, kuma nan ne yawancinmu muke kuskure. Na farko zafi. Na biyu wani haske da ido ba ya gani, ana ce masa UVB. Da shi fatarta ke haɗa bitamin D3, shi kuma bitamin ɗin ne ke sa jiki ya ja kalsiyam daga abinci ya gina ƙashi da ƙoƙon baya. Masu kajin ƙwai sun san yadda ɓawo ke laushi in kalsiyam ya yi ƙaranci, to kusan haka ne. Wannan hasken ba ya ratsa gilas. Ka ajiye baho a jikin taga mai gilas ka ce ai tana shan rana, wallahi ba ta samun komai sai zafi. Ƙwan lantarki na gida ma ba ya bayar da shi.

A Turai da Amurka sai sun sayi ƙwan UVB na musamman, suna canza shi bayan wata 6 zuwa 12 ko da yana ci, don ƙarfinsa raguwa yake yi. Mu Allah ya hore mana rana kyauta. Abin da na koma yi shi ne in fito da bahon tsakar gida da hantsi, awa ɗaya zuwa biyu, in rufe rabinsa da katako don ta sami inuwa. Kar ka bar shi a ranar tsaka, musamman da bazara. Ruwa kaɗan a roba nan da nan yake zafi, sai ka dawo ka tarar ta mutu. A ɗora ragar waya a sama saboda shaho da kyanwa.

Cikin bahon a saka dutse ko bulo wanda zai fito saman ruwa, yadda za ta iya hawa ta bushe sarai. Ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 28, kan dutsen kuma wajen 30 zuwa 32. Da sanyi nakan rataye ƙwai mai wat 40 ko 60, irin tsohon nan mai zafi da muke sa wa 'yan tsaki, kamar taƙi ɗaya da rabi sama da dutsen. LED ba ya ɗumama komai. A gefe ɗaya kawai za a sa, kamar a ɗakin 'yan tsaki, don ta matsa in ta ji zafi. Ma'aunin zafin da kake amfani da shi a can ya isa. A ɗaure wayar da kyau, ruwa da lantarki ba sa wasa. Da dare a kashe, tana bukatar duhu. A shigar da bahon ɗaki a rufa masa buhu, a bar kafar iska. Kurfotin gawayi a rufaffen ɗaki kuwa ban yarda da shi ba, don ku ma hayaƙinsa zai iya kashe ku.

Sai maganar taɓawa, wadda ta fi damuna don yara ne ke wasa da ita. Kififiya mai lafiya ƙalau tana iya ɗauke da ƙwayar Salmonella a kashinta, ta bazu a ruwan da jikinta. Tana sa gudawa da zazzaɓi, ga ƙaramin yaro kuwa abin kan yi tsanani. Saboda haka ne tun 1975 Amurka ta hana sayar da waɗanda ƙoƙonsu bai kai inci 4 ba, don yara na kai su baki. Ɗan ƙasa da shekara 5, mai juna biyu da tsofaffi su bar ta. Wanda ya taɓa ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci. Ba a wanke bahonta a inda ake wanke-wanke, kuma ruwan a zubar da shi nesa da kaji. Ni ba na shiga wajen 'yan tsaki in na taɓa ta sai na wanke hannu.

In za ka ɗauke ta, kama ta da hannu biyu ta gefe, yatsunka nesa da baki don tana cizo, kuma wuyanta ya fi yadda kake zato tsawo. Kar a kifar da ita, kar a bari ta faɗo. Masu huda ƙoƙo su ɗaura igiya kamar yadda ake yi wa kunkuru, don Allah a daina, akwai jini da jijiya a wurin.

Tamu ta fara cin tana da ƙananan kifi da ƙashinsu bayan ta koma shan hantsi, amma sai da aka yi watanni kafin bayan ya yi tauri. Har yanzu akwai ɗan lotsawar da bai koma daidai ba.