Giɓi A Tarihin Aiki: Yadda Ake Bayaninsa Wajen Neman Aiki

Duk mai kamfani ko shago da ya saba karɓar takardun neman aiki ya san cewa abin da kan fara jan idonsa shi ne shekarun da mai nema ya yi shiru a kansu. Sau da yawa wannan giɓi ne kan sa a ajiye takardar mutum gefe tun kafin a gana da shi.

A unguwa irin Maitumbi ta birnin Minna, inda hanyar Gwada da Kuta da madatsar ruwa ta Shiroro ta bi, dalilan giɓin ba ɓoyayyu ba ne. A ranar 1 ga Nuwamba, 2013, gwamnatin tarayya ta miƙa kamfanonin wutar lantarki na PHCN, magajiyar NEPA, ga 'yan kasuwa, kuma ba dukkan ma'aikata ne sababbin masu kamfanonin suka riƙe ba. Har ila yau, yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022, ya jinkirta kammala karatun ɗalibai, ciki har da na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna. Bugu da ƙari, hare-haren 'yan bindiga a ƙananan hukumomin Shiroro da Munya da Rafi, musamman a 2021, sun raba jama'a da gonakinsu da wuraren aikinsu. Akwai kuma jinya da goyo da takaba.

Ƙa'ida ta farko ita ce faɗin gaskiya. Wajibi ne mai nema ya rubuta wata da shekarar da ya kama kowane aiki da lokacin da ya bar shi, kada ya ƙara watanni don toshe giɓi. Tun bayan kafa dokar fansho ta 2004, bayanin asusun fansho na ma'aikaci kan nuna watan da aka daina zuba masa kuɗi, kuma ana iya tuntuɓar tsohon wurin aikinsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ta biyu ita ce taƙaitawa. Jimla ɗaya ko biyu sun wadatar, misali: “Daga Disamba 2013 zuwa Maris 2016, bayan sallamar ma'aikata, na yi noman doya tare da gyaran wutar gidaje.” Dogon labari da zagin tsohon ubangida kan sa mai sauraro ya yi shakka.

Ta uku ita ce kawo shaida. Wanda ya yi sana'a a tsakanin lokacin ya haɗa da takardar rajista ta Hukumar Rajistar Kamfanoni, ko rasitai, ko takardar horo ta Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, NDE. In babu waɗannan, wasiƙar shugaban 'yan kasuwa ko ta mai unguwa za ta taimaka. Wanda takardunsa suka salwanta a gudun hijira kuwa, sai ya nemi rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu.

Ta huɗu, ya nuna cewa dalilin ya kau, wato mai jinya ya warke ko an sami mai kula da yara, kuma a shirye yake ya kama aiki.

Su ma masu ɗaukar ma'aikata akwai nasu darasin. Wanda ya yi watsi da takarda saboda giɓi kaɗai, yana iya rasa ƙwararren da ya shekara goma yana aikin lantarki ko riƙon littafin kuɗi. Abin da ya fi dacewa shi ne a kira mai nema a tambaye shi, a bincika amsarsa, sa'an nan a gwada shi na 'yan watanni kafin a tabbatar masa da aikin.