Yadda Aka Tsara Tashar Jirgin Ƙasa ta Madina

Maniyyacin da ya taso daga Kano ko Sakkwato ya sauka a filin jirgin sama na Yarima Muhammad bin Abdul'aziz da ke Madina ba zai tarar da jirgin ƙasa a bakin ƙofa ba. Bas ce za ta kwashe shi da kayansa zuwa masauki. Tashar jirgin ƙasa na Haramain, mai haɗa Madina da Makka, tana wani waje daban, a gabashin gari, kan titin Sarki Abdul'aziz. Daga wannan tazara ya kamata a fara bayani, domin aikin tasha daga zaɓen fili yake somawa, tun ba a zana ko ginshiƙi ɗaya ba.

Madina ta taɓa yin wannan zaɓe tun da can. A 1900 Sarkin Daular Usmaniyya, Abdulhamid na Biyu, ya ƙaddamar da layin dogon Hijaz daga Dimashƙa, da gudummawar Musulmi daga ƙasashe da dama, kuma a 1908 jirgi ya iso Madina bayan ya ratsa kimanin kilomita 1,300. Turkawa suka kafa tasharsu a Anbariyya, inda mutum zai sauka ya taka da ƙafa zuwa Masallacin Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam. Tafiyar da ayarin raƙuma ke yi cikin kwana arba'in ta koma ta 'yan kwanaki. Layin bai kai Makka ba, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya lalata shi, ginin tashar kuma yau gidan tarihi ne. Bayan shekara ɗari, da aka zo shimfiɗa sabon layi, kewayen Harami ya riga ya cika da otal-otal, ga shi jirgi mai gudun kilomita 300 a awa yana bukatar miƙaƙƙiyar hanya da fili mai faɗi. Sai aka fita bayan gari.

Da an samu fili, sai lissafin jama'a. An tsara layin, mai tsawon kusan kilomita 450, ya iya ɗaukar mutum miliyan 60 a shekara, amma ba wannan adadi ne ke hana mai zane barci ba. Abin da ke gabansa shi ne daren Ramadan da makon da alhazai ke barin Madina zuwa Makka, lokacin da jirgi mai kujeru 417 zai zube mutanensa gaba ɗaya, wasu 417 kuma na tsaye suna jiran shiga. A nan ne ake tantance irin tashar. Ta Jidda da ta Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah da ke kusa da Rabig, jirgi tsayawa yake ya wuce. Ta Madina da ta Makka kuwa ƙarshen layi ne, kowa sai ya sauka.

Kamfanin Foster + Partners na Ingila da injiniyoyin Buro Happold, waɗanda aka ba zanen tashoshin a 2009, sun raba hanyar masu tafiya da ta masu isowa, don kada taro biyu su yi karo a mashiga ɗaya. Sun kuma rage hawa da sauka gwargwadon iko. A ganina wannan shi ne mafi darajar abin da ke cikin zanen, ya fi rufin da ake ta ɗaukar hotonsa. Duk wanda ya taɓa rakiyar tsohuwa 'yar shekara saba'in, mai ciwon gwiwa, wadda ba ta karanta Larabci balle Turanci, ya san cewa alluna ba sa yi mata jagora. Ginin ne da kansa zai nuna mata gaba: ta shigo, a duba tikiti da kaya, ta zauna a zauren jira, ta gangara wajen jirgi, ba tare da ta koma baya ba.

Sannan a zo kan rufi. Maimakon a zana gine-gine huɗu mabambanta, sai aka ƙirƙiro abu ɗaya da za a riƙa maimaitawa: ginshiƙin ƙarfe da ke tashi ya buɗe rassa, rassan su haɗu da na maƙwabcinsa su zama baka. Bahaushen da ya taɓa ɗaga kai a soron Gidan Makama ya ga bakan gizo riƙe da rufi zai gane dabarar nan take. Ana jera ginshiƙan a tazara iri ɗaya, gaba da gefe. Babbar tasha a ƙara yawansu, ƙarama a rage, in jama'a sun ƙaru nan gaba a ƙara jerin ginshiƙai ba tare da an rushe komai ba. Ƙarfen ma a masana'anta ake ƙera shi, a kawo a ɗaura, abin da ke rage lokaci da kuskure.

Zafin Hijaz ba ya barin a yi wasa da gilashi. Saboda haka aka huda rufin da ƙananan kafofi masu shigo da haske kaɗan-kaɗan, zaure ya zama inuwa mai haske. A bakin jirgi, inda na'urar sanyaya ɗaki ba ta da tasiri, manyan fankoki da feshin ruwa ne ke sassauta iska.

Launi ne ƙarshen zane. Makka ta samu ruwan zinare, Jidda shunayya, Madina kuma kore saboda koriyar ƙubbar Masallacin Annabi.

An ba da kwangilar gina tashoshin a 2011. Gamayyar kamfanonin Sifaniya da Saudiyya mai suna Al Shoula ta ɗauki shimfiɗa dogo, wutar lantarki, sigina da jirage 35 ƙirar Talgo, waɗanda aka ƙarfafa don jure rairayi da zafi. Sarki Salman ya ƙaddamar da layin a Satumbar 2018, fasinjoji suka fara shiga ranar 11 ga Oktoba. Yau daga Madina zuwa Makka awa biyu da 'yan mintoci ne. Mai niyyar Umra sai ya ɗaura haraminsa tun kafin ya shiga, don jirgin ba ya tsayawa a miƙatin Zul Hulaifa, kuma ya taƙaita tsaraba, don kilo 25 aka yarje wa babbar jaka.

Matakin da ba a kammala ba shi ne haɗa tasha da gari. A Jidda an shigar da layin har cikin filin jirgin Sarki Abdul'aziz, mutum ya fito da akwatinsa ya hau. A Madina, sabon ginin filin jirgin da aka buɗe a 2015, mai ginshiƙai siffar dabino, yana arewa maso gabas, tashar jirgin ƙasa na gabas, Harami na tsakiya, kuma bas da tasi ne kaɗai ke haɗa ukun. An daɗe da zana jirgin cikin gari mai layi uku, amma bai fara aiki ba. Mu ma mun ga irin wannan giɓi a gida: jirgin cikin garin Abuja da aka buɗe a 2018 ya kai har filin jirgin sama, sai dai tashoshinsa da yawa sun yi nesa da unguwannin da ma'aikata ke kwana. Masu shimfiɗa layin Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Katsina da Jibiya, suna da damar tambaya tun yanzu: in fasinja ya sauka da buhunsa da dare, me zai hau, kuma nawa zai biya kafin ya kai gida?