Darasi: Zubewar Gashin Mata da Ciwon Zuciya

'Yan'uwa manoma, idan ganyen gero ya fara ja, mukan duba saiwa da ƙasa. Haka ya kamata mu yi idan gashin uwargida ya fara zuba. Zubewar gashi kaɗai ba ciwon zuciya ba ne, amma wani lokaci tushensu ɗaya.

Iri uku na zubewar gashi

1. Na kitso. Idan kitso ya yi tsauri, gashin goshi da na gefen kunne yakan ci baya. Wannan bai shafi zuciya ba. A sassauta kitso.

2. Na jego. Wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa gashi yakan zuba da yawa, kuma yakan dawo kafin yaro ya shekara.

3. Na tsakiyar kai. Gashi yana sirancewa a hankali, tsaga tana faɗi. Masu bincike sun lura wannan yakan zo tare da hawan jini, ciwon suga ko ƙiba, waɗanda ke lalata zuciya. Ƙarancin jini ma yana zubar da gashi, yana kuma sa zuciya aikin da ya fi ƙarfinta.

Abin da ya shafe mu a nan

Tun 1978 likitocin Zariya, Davidson da Parry, suka ba da labarin kasawar zuciya a wurin masu jego. A 2007 binciken Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ya sami ciwon a kusan haihuwa 1 cikin 100. Kanwa tana sa jiki ya riƙe ruwa kamar gishiri, saboda haka a rage ta cikin kunun mai jego.

Alamun da ba a jira

Haki ko da ba a yi aiki ba. Kumburin ƙafa ko fuska. Tari da dare. Kasa kwanciya sai an jingina. Cikin ido da tafin hannu sun yi fari. Idan ɗaya ta bayyana, kada mu ce gajiyar jego ce, kada mu jira ranar kasuwa. A kai ta asibiti a Rabah, Wurno ko Goronyo a ranar.

Abin da ƙungiya za ta yi

Mu ware wake da gyaɗa don gida kafin mu sayar. Mu shuka zogale da rama a gefen fadama, mu sa kifi ko hanta cikin miya. Mai ciki ta je awo, ta sha maganin ƙarin jini, a gwada hawan jininta. Mu kuma ajiye kuɗin mota a asusun ƙungiya, domin daga Maikujera tafiyar dare tana da tsada.

Tambayoyi don taro

Mata nawa cikinmu aka gwada wa hawan jini bana? Idan mai jego ta fara haki da tsakar dare, wa zai kai ta?